Ranar da Inna ta ƙi cin abincin su Walo

Ku matso kusa ku ji, 'yan uwa. Ni da ko kasuwar Ƙaraye sai an yi da gaske nake zuwa, ni ce har Abuja, kuma saura ƙiris in dawo da labarin da ba shi da daɗin faɗa.

Mun bar Yammedi ana idar da sallar asuba, ni da surukata Inna. Autanta ne yake aiki a can, ya daɗe yana roƙon ta je ta ga gari. Aka haɗa ta da ni saboda ciwon sukari gare ta, ni ce kuma na san kan maganinta. Likita ya ja mana kunne: in ta sha ƙwayar nan, kada a bar ta da yunwa. Inna kuwa tana da doka ɗaya tun tana yarinya, ba ta cin abincin hannun da ba ta sani ba. Don haka na turara mata dambu, na cika kwano, na ɗaure da ɗankwali. Ƙwayar ta sha da koko rabin kofi muka fito.

A Kwanar Ɗangora muka sake mota, ana ta gaggawa da jan kaya. Sai da muka wuce Zariya na laluba ƙarƙashin kujera, babu kwano. Ya bi waccan motar.

Hanyar Kaduna wani wurin sumul, wani wurin aiki ake yi, a tsaya a jira. Duk inda muka tsaya sai masu talla su cika taga da dafaffen ƙwai da ayaba da gasasshiyar masara, da tsadar da in ka ji sai ka ce da gonar za a haɗa maka. Na miƙa mata ayaba, na ce, "Inna, wannan ai ba hannun da ya dafa ta." Ta ce ayaba tana kumbura mata ciki, ta kau da kai.

Kafin Zuba muka ga Dutsen Zuma. Jama'a, ku je ku gani! Baƙi wuluk, tsaye shi kaɗai, da wata alama kamar fuskar mutum tana kallon titi. Kowa na nuna dutse, ni hannun Inna nake kallo. Carbinta ya fara rawa.

Auta ya tare mu a tasha da motarsa. Na raɗa masa halin da ake ciki, sai ya ce, "Kwantar da hankalinki matar yaya, yanzu zan kai ku inda manya ke ci." Ya kai mu wani gida duk gilashi, sanyi kamar cikin firji. Wani saurayi mai farar riga ya zo ya rusuna, ya ce da 'yar Hausarsa, "Mama, wane suwalo za ki ci?"

Inna ta dube ni. "Su Walo kuma? Su waye su Walo? Ni ban san gidansu ba."

Auta ya yi ta bayani, wai a nan duk abin da ake yanka loma a haɗiye, tuwo ne ko sakwara ko teba, haka suke kiransa. Ina! Aka kawo wani abu fari a naɗe cikin leda, kuɗinsa ya kusa na tiyar dawa. Ta ture shi da bayan hannu, ta ce a mayar wa su Walo kayansu.

Mun fito ke nan na ga gumi yana tsattsafo mata a goshi, a garin da iska ke kaɗawa. Ta kira ni da sunan 'yarta da ta rasu. Auta ya ruɗe, ya ce asibiti, ga motoci sun toshe titi ba gaba ba baya. Ya karya kwana ya bi wani lungu ta bayan gareji. Na sauke gilashi don ta sha iska, sai kunnena ya ɗauko wani sauti a cikin hayaniyar injina: tim, tim, tim. Turmi ne. Kuma ba dakan sakwara ba, wannan ɗan gajeren bugu na kayan miya.

Na ce, "Auta, tsaya!"

Rumfar kwano ce da benci biyu, makanikai na cin tuwon dawa da miyar kuka. Na yi sallama a guje. Mai abincin ta amsa, daga yadda ta ja gaisuwar na san 'yar wajenmu ce. Auta ya riƙo Inna daga mota ya zaunar da ita a benci. Matar ta kalle ta sau ɗaya, ta dama kunun tsamiya da sukari ta durƙusa a gabanta. Inna, ido rabi a rufe, ta ce, "'Yar ina ce ke?"

"Gwangwan, Inna, ta ƙasar Rogo."

"Gidan wa?"

Ta faɗa. Sai Inna ta ce, "Kakarki ba ita ce mai daddawar nan ta bakin rijiya ba?"

"Ita ce."

Sai Inna ta buɗe baki. Ta shanye kunun, gumin ya tsaya, ta nemi ruwan wanke hannu. Malmala ɗaya da rabi ta tashi da ita, har tana cewa yajin ya yi kaɗan.

Washegari muka kai ta asibiti aka duba, aka ce lafiya, sannan muka ga gari. Mun yi azahar a Babban Masallacin Ƙasa, ƙubbarsa na ɗaukar ido. Da yamma muka je bakin tafkin Jabi, inda ake gasa kifi ana shiga kwalekwale. Ku je da la'asar, ya fi daɗi. Amma kowane cin abinci, rumfar nan muke komawa.

Mun dawo Yammedi lafiya. Abin da na koyo: riƙe kwanonka a cinya, ka sa dabino a jaka, in kuma ka shiga birni da tsoho, bi bayan gareji ka kasa kunne. Har yau in jikoki suka raina tuwo, Inna cewa take a kai su gidan su Walo.

To ku, da ba a dace da jikar mai daddawa ba, me za ku ce wa Inna ta buɗe baki?