Kwanon Gejza Mai Goge

Kullum da safe Gejza mai goge yakan tsoma yatsunsa a ruwan ɗumi har su saki, sannan ya ɗauko gogensa. Bana sun ƙi saki. Ya ajiye kiɗa, bayan shekara hamsin da ɗaya yana kaɗa wa mutanen Pohorela rawa.

A ƙauyenmu kowane namiji da waƙarsa. Ranar biki zai tsaya gaban makaɗa, ya ɗaga hannu ya rera, su bi shi. Gejza ya riƙe ta kowa a kansa. Mijina Imro yakan ce masa, "Tsohon ɓarawo, ka sace mini waƙa!" Shi kuma ya ce, "Maigida, tsintar ta na yi, tun baitin farko ka yar da ita."

Amma Gejza ɗan ƙabilar Roma ne, waɗanda mutanenmu ke ƙyamar cin abinci tare da su. Bikin 'ya'yana uku ya kaɗa a gidana, bai taɓa zama a teburina ba. A bakin ƙofa nake miƙa masa miyar kabeji, cikin wani kwano mai tsaga da na ware masa. Haka na ga uwata tana yi, ban taɓa tambayar dalili ba.

Imro ya rasu a watan Fabrairu. Abu ɗaya ya roƙe ni, a binne shi da waƙarsa. Ban aika wa Gejza ba, na ce ni zan rera. A bakin kabari na buɗe baki, babu abin da ya fito. Shekara arba'in ina jin ta daga kicin, ashe ban riƙe ta ba.

Sai ga sautin goge daga bayan shingen maƙabarta. Kai ne, Gejza, tsaye cikin dusar ƙanƙara da waɗannan yatsun. Har inda Imro yake kuskure ka yi masa kuskuren. Maza suka yi dariya, hawaye na zuba.

Da muka koma gida na zaunar da kai a kujerar Imro. Ka dubi farantin gabanka ka ce, "Uwargida, ina kwanona?" Na kasa ɗaga kai.

Na gode, mai riƙon waƙar kowa. Ku samari, ku je wurin Gejza ku karɓi waƙoƙin iyayenku tun yana iya rera muku, ku koyi zuwa inda ake bukatarku ko ba a kira ku ba.

Kwanon nan na fasa shi, Gejza. Ka zo ranar Lahadi, ka shigo ciki.