Edna Dalyop da Farin Ɓeranta

Edna 'yar Vom ce, can ƙasar Filato. Mahaifinta kula da dabbobin gwaji ya yi har tsufansa, don haka tun tana firamare ta iya riƙon zomo, tana kuma gane kazar da ba ta da lafiya daga tsayuwarta kawai. A 1980 ta biyo mijinta Dalyop Amurka, suka kama gida a Annandale. Shi yana karatun injiniya, ita kuma ta sami aiki a wani kamfani kusa da Manassas, inda ake kiwon fararen ɓeraye ana sayar wa masu binciken magani.

Shekara shida ta yi a wurin ba a taɓa kuka da ita ba. Mace ce gajera mai kaurin murya, ba ta da yawan dariya, ba ta kuma mantuwa. Matan zumunta a cocinsu sukan ce wanda ya taka Edna a Janairu ya saurari amsa a Disamba.

Ita ce ta kai Katung wurin aikin. Magidanci ne daga Kudancin Kaduna, cocinsu ɗaya, ya shekara yana neman aiki bai samu ba. Ta roƙi shugabanta, wani Bature mai suna Gregory, har ya ɗauke shi. Ita ta koya masa wanke keji da riƙe ɓera ta gindin wutsiya. Kullum "Yaya Edna" ba ya barin bakinsa.

A bazarar 1986 Katung ya gano wani wurin yankan katako da ke ba da dusar katako da araha, irin wadda ake shimfiɗa wa ɓeraye. Gregory ya ji daɗi, ya yaba masa a gaban kowa. Edna ta buɗe buhu ɗaya, ta shinshina, ta ce ba a gasa dusar ba, kuma ga kashin ɓeran daji a ciki. Ba wanda ya saurare ta.

Kafin wata guda ɓerayen ɗaki na huɗu, wanda ke hannun Edna, suka kama susa. Gashi ya fara zuba, bayan kunnuwa ya yi miki, wasu har jini. Gregory ya kira su biyu ofis ya tambayi inda cutar ta fito.

Katung bai dubi Edna ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban so in faɗa ba. Amma na sha ganinta tana shiga ɗakin da rigar gida, ba ta sa ta aiki ba. Kuma takan je kasuwar kaji ran Asabar. Ina jin daga can ta kwaso."

Ƙarya ce, kuma ya san ƙarya ce. Edna ta dube shi ta ce da Hausa, "Katung, ni ce?"

"Yaya, gaskiya ɗaya ce," in ji shi, idonsa a ƙasa.

A ranar aka sallame ta, aka ba Katung matsayinta, aka kuma ba da umarnin a kashe duk ɓerayen ɗakin. Da ta je kwashe kayanta sai ta ga wani ɗan namiji a kusurwar keji, wuyansa duk ya saɓule, yana ta susa da ƙafar baya kamar zai tsaga kansa. Ta koma ta ce wa Gregory tana son wannan ɗaya. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ta ɗauka, ai ba zai kai Lahadi ba. Ta sa shi a kwalin takalmi. Ta kuma ɗebi dusar katakon cikin ledar burodi, ta ƙulle bakin tamau.

Da Dalyop ya dawo ya tarar da kwali a kan teburin cin abinci, ya leƙa, ya ja da baya.

"Maman Martina, an kore ki daga aikin ɓera, shi ne kika kawo mana ɓera gida?"

"Sunansa Shaida," ta ce. "Kuma ba zai mutu ba sai ya gama aikin da na ɗauko shi ya yi."

Ba tausayi ne kaɗai ya sa ta jinyar ɓeran nan ba, ita ma ba ta taɓa cewa shi ne ba. Ta sa shi a akwatin gilashi, ta shimfiɗa masa farar takarda da ta yayyaga, tana canjawa kowace safiya. Ta naɗe shi a tawul, ta datse masa kan faratan ƙafafun baya da abin yanke farce, don da su yake yi wa kansa rauni. Ta wanke mikin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ta shafa masa man kaɗanya ɗan mitsitsi. Ta hana shi gyaɗa, don ta san maiƙo na ƙara wa wasunsu ƙaiƙayi, ta bar shi da hatsi da ɗan karas. Mikin ya ɗan lafa, amma susa ba ta tsaya ba.

Sai ta kai shi wurin wata tsohuwar likitar dabbobi a unguwarsu, baƙar fatar Amurka mai suna Dokta Olive. Likitar ta manna salatif a gashinsa, ta ɓare, ta sa a ƙarƙashin madubin likita, ta ce Edna ta leƙa. Ga su nan, 'yan ƙwari kamar ƙumar kaji, cikinsu jajir da jini. Edna ta fito da ledar burodi. Aka duba dusar, aka same su a ciki suna yawo.

"Na ɓeran daji ne," in ji Dokta Olive. "A shimfiɗa suke ɓuya, su fito su sha jini su koma. Kuma in sun rasa ɓera, mutum ma suna cizonsa."

Edna ta ce, "Mutum ma?"

"Sosai kuwa."

Ta roƙi likitar ta rubuta abin da ta gani a takarda ta sa hannu. Aka ɗiga wa Shaida magani a bayan wuya, aka ce ta dawo da shi sau biyu. Cikin mako shida gashi ya rufe mikin, ya yi fari sol, ya yi ƙiba har yana ƙyuyar hawa kan kwalbar ruwansa.

Dalyop ya ce ta kai wa Gregory takardar mana. Ta ce tukuna. Ta san an kawo sababbin ɓeraye, ta kuma san dusar nan dai ake shimfiɗa musu, kuma Katung ne ke sa hannu a buhunan kullum.

Wata Lahadi ana cikin waƙa a coci ta hango Katung a layin maza yana susar hannu. Lahadi ta gaba ya zo da riga mai dogon hannu cikin zafin Agusta, yana goga bayansa a jikin benci. Matarsa Selina ta ce wa matan zumunta sun canja sabulu, sun canja katifa, likita ya ba shi man shafawa har kala uku, abu ya ƙi. Edna tana zaune tana jin ta, tana bin baitin waƙarta.

A mota Dalyop ya ce, "Kin san abin da ke cin mutumin nan. Kalma ɗaya ce. Ramuwa ta Ubangiji ce, Maman Martina."

"Ban taɓa shi ba," ta ce. "Shi ya sayo abinsa. Ni kallo kawai nake yi."

Mako bakwai ta yi tana wannan kallo. Daga nan cutar ta bazu ɗakuna uku, ma'aikata biyu ma suka fara susa, Gregory ya bugo mata waya da wata irin murya mai laushi. Washegari da hantsi ta sa atamfarta ta zuwa coci, ta ɗauki akwatin gilashi, ta tafi Manassas.

Ta ajiye akwatin a kan teburinsa. "Wannan ne wanda ba zai kai Lahadi ba." Ta ajiye takardar Dokta Olive a gefe. Gregory ya karanta, kunnuwansa suka yi ja. Ya ce ta dawo aiki ran Litinin.

Ta ce sai an tara ma'aikata duka tukuna. Aka tara su, su goma sha huɗu. Katung ya tsaya a tsakiya, wuyansa duk ƙuraje.

"Yaya, don Allah, mu yi maganar nan a gida," ya ce da Hausa.

"A ofis ka faɗa, da Turanci. A nan za ka warware, da Turanci."

Ya faɗa. Ya ce bai taɓa ganinta da rigar gida ba, ya ce tsoro ya ji kada a gane dusarsa ce. Da muryarsa ta yi ƙasa, Edna ta ce ya ɗaga, na baya ba su ji ba. Ya maimaita. Sannan ta gaya musu abin yi: a ƙone buhunan, a feshe ɗakunan da magani, har da motar Katung, a tafasa kayan aikinsa. Ta ɗauki akwatinta ta ce wa Gregory ya riƙe aikinsa, Dokta Olive ta riga ta ɗauke ta.

Ba ta tsaya nan ba. Sai da ta sa dattawan coci suka zauna, Katung ya sake faɗa da Hausa a gaban matarsa. Fasto ya ce to, yanzu sai ta yafe. Ta ce ta ji, za ta yi addu'a a kai.

Katung ya warke cikin kwana goma, amma kamfanin ya sallame shi, kafin Kirsimeti ya kwashe iyalinsa suka koma Texas. Shaida ya ƙara shekara ɗaya da rabi, ya mutu da tsufa, Edna ta binne shi a tukunyar fure a baranda. Ta yi shekara goma sha ɗaya tare da Dokta Olive, har Turawan Annandale suka san in ɓeran yaransu ko zomonsu ya kama susa, wurin gajerar matar nan 'yar Najeriya ake kai shi.

Sau biyu Katung ya aiko mata da katin Kirsimeti. Na farko ta mayar masa ba ta buɗe ba. Na biyu Dalyop ne ya buɗe, ya karanta mata tana yankan kuɓewa. Ta saurara har ƙarshe, ta leƙa katin, ta ce rubutun Katung ya gyaru, ta ce a miƙo mata gishiri.