Malam Garba Wa-Ya-Gani da Kwalbar Asid

Duk wanda ya koyar a makarantarmu ya san marigayi Malam Garba ba ya karɓar takarda daga hannun mutum sai ya ɗaga ta sama ya leƙa ta a hasken rana, kamar mai sayen ƙwan zabi. In ka ce masa an yi ruwa a Rimin Gado, sai ya ce, "Wa ya gani?" Ka ce da idonka ka gani, ya ce, "Kai kuma wa ya gan ka?"

Ni dai na ji jiki a hannunsa. Shekarar da aka turo ni, furinsifal ya ce zai ba ni Kimistiri na 'yan aji shida, amma sai shugaban sashen kimiyya ya amince. In bai amince ba, a mayar da ni aji ɗaya in yi ta zana ganye a allo. Shugaban sashen kuwa Malam Garba ne. Na ce shi ke nan, tawa ta same ni!

A makon farko na ga abin da ya tsinka min zuciya. Wata ɗaliba, Hajara, ta cinye jarrabawarsa tas, ko maki ɗaya bai zube ba. Maimakon ya yaba, sai ya zaunar da ita gindin dalbejiya ita kaɗai, ya ba ta sabbin tambayoyi, ya tsaya a kanta. Ta sake cinyewa. Ya daɗe yana jujjuya takardar, sannan ya ce, "To, yanzu kuma kaina nake zargi."

Kun dai tuna ranar da mai duba makarantu ya zo daga Kano? Malam ya tare shi a ƙofar ɗakin gwaji, ya miƙa masa wata kwalba.

"Yallaɓai, kafin ka duba ni, mene ne a cikin nan?"

Bawan Allah ya ce ai shi labarin ƙasa ya karanta.

"Madalla. Ga benci can baya, ka fito da biro, yanzu za mu fara."

To Malam Garban nan ne ya yi wata biyu yana zaune a bayan ajina, bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Rannan sai ya ce in nuna wa yara gwajin ɗiga asid, wanda ake ɗigawa a hankali har launin ruwan ya juya, a karanta lambar da aka tsaya. Shi ya haɗa asid ɗin da hannunsa. A lissafin littafi, ashirin da biyar ya kamata in samu. Na samu sha tara. Na wanke kaya na sake, sha tara. Na uku ma haka! Yara sun zuba min ido, shi kuwa yana ta sakace haƙori. Wallahi sai da zuciyata ta ce in rubuta lambar littafin kawai in huta. Na ɗauki alli na rubuta sha tara, na ce, "Abin da na samu ke nan, kuma ban san dalili ba." Aji ya kwashe da dariya. Malam ya tashi ya fita, ko kallona bai yi ba.

Washegari na zo da shirin komawa aji ɗaya, sai na tarar da shi a bakin ɗakin gwaji, ya miƙo min makulli.

"Malam Sabi'u, ni na ƙara wa asid ɗin ƙarfi. Malamai uku na yi wa haka kafin kai, dukkansu suka samu ashirin da biyar cif. Ikon Allah! Karɓi, ajin naka ne."

Na fara godiya, ya ɗaga hannu. "Kada ka yi saurin murna. Kullum da safe zan zo in leƙa kwalabe."

Kuma ya yi ta zuwa, har ƙafa ta gaza. Yanzu da safe in na buɗe ɗakin nan, shirun yana damuna ƙwarai. Allah Ya jiƙan Malam Garba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa yaran da ya koyar su zame masa haske a kabarinsa. Amin.