Yadda Saniya Take Tashi

A jikin takardar ƙosai na fara ganin aikin kawuna. Ina aji huɗu na sakandare a Bagudo, na dawo gida Illo hutu, mahaifiyata ta aike ni bakin titi da safe. Da na kwance ƙunshin sai na ga zanen zomo da fensir, kunnensa ɗaya a lanƙwashe. Takarda ta biyu ma zomon ne, amma kunnen ya ɗan miƙe. Kowace tana da huji biyu a sama da lamba a gefe. Mai ya jiƙa su har ana hango ɗaya ta cikin ɗaya.

Ni ba mai magana ba ce. A makaranta ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Amma ranar na koma wurin mai ƙosai na tambaye ta inda ta samo takardun.

Ta ce, “Daga gidanku mana. Kawunki ya ba ni. Ya ce in sun ƙare in zo in kwashi saura, akwati guda ne.”

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya yi shekaru masu yawa a Kwatano, ya dawo hannunsa na dama yana rawa, ya kafa tebur a ƙofar gida yana sayar da sabulu da batir da ashana. Mun san dai aikin talabijin ya yi, ni duk zatona gyara yake yi.

Na same shi a kan benci na miƙa masa takardun biyu. Ya dube su, ya dube ni. Sai ya shiga ɗakinsa ya jawo akwatin ƙarfe, ya zaro wani ɗaurin takardu, ya sa takarda biyar a tsakanin yatsun hannunsa na hagu, ya shiga kaɗa su gaba da baya.

Zomon ya juyo ya kalle ni.

Na sha ganin katun a tashar Benin, wadda ta fi tamu kamawa a Illo, amma ban taɓa tunanin hannun mutum ne ba. Ga shi nan fensir ne kawai da takarda, kuma abin yana numfashi. Na ce, “Kawu, sake.” Ya sake. Sau bakwai na ce ya sake.

A kwanakin da suka biyo baya na riƙa zama gefen teburinsa, yana ba ni labari guntu-guntu, in mai saye ya zo ya katse. Su huɗu suka fara a Kwatano, a wani ɗaki a saman shagon tela. Teburin aikinsu gilashin taga ne suka ɗora a kan akwatin katako, suka sa ƙwan lantarki a ciki don zanen ƙasa ya bayyana ta cikin na sama. Ƙusa biyu suka kafa a katakon, su ne ke shiga hujin nan don kada takarda ta goce. Babbansu yana zana farkon motsi da ƙarshensa, Kawu yana cike tsakani. Ya ce zane goma sha biyu ke ba da daƙiƙa ɗaya. Na tuna tsawon katun ɗin da muke kallo muna cin gyaɗa, wani lokacin ma muna hira ba ma dubawa.

Da gajerun faɗakarwa suka fara, na gidan sauro da na wanke hannu. Sannan gidan talabijin ya ba su damar yin tatsuniyoyin yara, zomon nan ya fito mako-mako har yara suka riƙa kwaikwayon tafiyarsa a titi. Suka bar saman shagon tela, suka kama gida, suka ɗauki masu saka launi. Daga baya kwamfuta ta zo, aka jingine teburin gilashi a bayan ƙofa. Wurin yana nan har yanzu, in ji shi, yara sababbi ne a ciki. Da za a zubar da tsofaffin takardu ya roƙi nasa ya taho da su.

Na ce, “To don me za ka ba mai ƙosai?”

Ya ce, “Gara na cin su. Kuma mi za ni yi da su? Hannun ya tafi.”

“Ni ka ba ni.”

“Ke karatu za ki yi, ɗiyata. Wanga aiki ba na mutum irina ba ne ma, balle in koya wa wani.”

Mahaifiyata ce ta gaya mini dalilin, tana tankaɗe. Wata shekara ya zo gida sallah, a daidai lokacin da za a nuna wani shiri da aka bar masa shi kaɗai ya zana daga farko har ƙarshe, labarin makiyayi da saniyarsa. Ya gayyaci mutane rumfar mai shayi, inda akwai talabijin. Ranar kasuwa ce, Fulani sun cika wurin. Ana cikin kallo saniyar ta farka, ta miƙa ƙafafun gaba, ta ɗaga ƙirji, sannan ta ja bayanta ta tashi. Rumfa ta kwashe da dariya. Wani dattijo ya ce, “Wanga doki ne aka sa wa ƙaho!” Aka yi ta maimaita maganar har bayan sallah.

Ban gane abin dariyar ba. Mahaifiyata ta ce, “Ke ma ’yar boko! Saniya da baya take fara tashi.”

Ashe a littafin hotunan dawakai da suke da shi a wurin aiki Kawu ya duba yadda ake tashi. Shi da aka haifa a garin da shanu ke ratsa ƙofar gidansu safe da yamma, bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Ni ma sai lokacin na lura ban taɓa ba. Na nemi ɗaurin saniyar a akwatin, na same shi a can ƙasa, an ɗaure shi da igiyar rama tamau.

Akwai wata Bafillatana mai kawo mana nono tun ina ƙarama, Inna muke ce mata. Rugarsu tana bayan gari ta wajen fadama. Kwana biyu ina shirya maganar a zuciyata kafin na iya cewa, “Inna, ina so in zo in ga shanu.”

Ta sauke ƙwarya ta ƙare mini kallo. “Saye za ki yi?”

“Kallo kawai. Yadda suke tashi.”

Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce wa mahaifiyata, “Ɗiyarki ta gama littattafan Bagudo, ta dawo kan nagge.” Haka suke kiran saniya da Fillanci. Amma ta ce in zo da sassafe, kafin tatsa.

Na yi safiya shida ina zuwa, da littafin rubutu da fensir biyu. Ranar farko ban zana komai ba, abin ya fi idona sauri. Inna ta ga haka, sai ta riƙa zaɓar wata tsohuwar farar saniya mai nawa, ta taɓa ta da sanda a hankali. Saniyar ta kai wuyanta gaba kamar za ta ɗauki wani abu a ƙasa, nauyinta ya koma kan gwiwoyin gaba, sai ƙugu ya tashi sama, tana durƙushe. Ta ɗan tsaya a haka. Sannan ƙafa ɗaya ta fito, ɗayar ta biyo. Wannan ƙatuwar halitta, kullum ta Allah haka take ɗaga kanta, a tsare, ba ta taɓa kuskure. Na rubuta kowane mataki da lamba, na zana, na goge, har takarda ta huje.

A gida na yanka fararen takardu daidai da na Kawu, na huda su da ƙusa. Ba ni da teburin gilashi, sai na riƙa manna su a gilashin tagar ɗakinmu da rana, ina tsaye, hannuna a sama har ya yi tsami. Kai da ƙahon na kwafa daga saniyarsa, don ita nake so ta tashi, ba wata ba.

Ranar da na gama, Inna ta zo da nono. Na roƙe ta ta tsaya a ƙofar gida. Na ajiye ɗaurin a kan teburin Kawu, tsakanin sabulu da ashana.

Ya gane saniyarsa nan take, fuskarsa ta canja. Na zaci zai ture su. Ya daɗe yana kallon ta farkon, sannan ya sa su a yatsunsa ya kaɗa. Wuya ya tafi gaba, ƙugu ya tashi, ƙafa ɗaya, ƙafa biyu. Layukana suna karkarwa, wutsiyar tana tsalle daga wuri zuwa wuri, amma ta tashi.

Inna ta matso har goshinta yana taɓa takardar. “La’ilaha illallahu! Tana motsi! Malam, sake in gani.” Ya sake. Ta leƙa bayan takardun, ta dawo gaba. Sai ta girgiza kai. “Tashin ya yi. Amma wagga saniya ba ta da lafiya.”

Kawu ya ce, “Kamar yaya, Inna?”

“Ba ta yi miƙa ba. Nagge in ta tashi lafiya sai ta gantsare baya, ta miƙe ƙafa. In ba ta yi ba, ranar ba ni barin ta ta bi garke.” Ta juyo gare ni. “Kwana shida kina zaune, da ta miƙe tsaye sai ki duƙar da kai kina rubutu. Ina ganinki.”

Gaskiya ta faɗa. Kunya ta rufe ni, na sa hannu zan tattara takarduna. Kawu ya dafe su.

“Nuna mani, Inna. Ina ne ke fara lanƙwashewa, nan ko nan?”

Inna ta ajiye ƙwarya, ta dafa benci, ta gantsare bayanta ta miƙa ƙafa ɗaya baya, a bakin titi, masu babur suna wucewa suna kallo. Kawu ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba. Ya zare fensir daga hannuna, ya riƙe wuyan hannunsa na dama da na hagu, ya ja layi ɗaya a kan farar takarda, daga tozo zuwa gindin wutsiya. Layin ya yi rawa, amma bayan saniya ne tana miƙa, ko Inna ba ta musa ba.

Ya miƙo mini ya ce, “Ga ƙarshen motsi. Naki na ƙarshe shi ne farko. Shida za ki sa a tsakani. Kuma wutsiyar nan, ki riƙa duba na ƙasa kafin ki ja na sama.”

Muna cikin haka mai ƙosai ta iso da buhu a hannu, ta ce takardunta sun ƙare. Kawu ya ce ta yi haƙuri, an riga ta. Ya ɗauko mata kwalayen sabulu da tsofaffin jaridu. Sannan ya ce in kama masa akwatin mu shigar da shi ɗakinmu, mu ɗora a kan bulo saboda gara, kuma in tambayi mahaifiyata ko akwai sauran gilashin taga a gidan, mu haɗa teburin zane.