Yajin Soya da Ɗan Yayana

Jama'a, yau saura kaɗan yaro ya mutu a hannunmu.

Yaya Sani ya zo daga Jamus da matarsa Bajamushiya da ɗansu Amir mai shekara biyar. Kwana uku yaron ba ya cin komai sai biredi, wai dankali da sosis irin na garinsu yake so. Da la'asar na ce mu fita cin soya, wato tsire, nan unguwar Briqueterie.

Uwar ta tambaye ni ko akwai gyaɗa a ciki, wai jikin yaron ba ya karɓar gyaɗa. Na ce, "Nama ne zalla, Anti." Wallahi na manta da ƙuli-ƙuli ake haɗa yaji.

Yanka uku ya ci, sai tari. Leɓensa ya kumbura, numfashinsa ya koma kamar usur. Yaya ya ce, "Hadiza, me ke cikin yajin nan?" Mai soya ya ce, "Ƙuli ne, Alhaji."

Uwar ta zaro wani abu kamar biro daga jaka, ta caka wa yaron a cinya ta saman wando. Na damƙe hannunta. Yaya ya fizge ni, "Allura ce, sake ta!"

Muka tare taksi zuwa asibiti. A hanya numfashin ya fara dawowa. Likita ya ce allurar ce ta cece shi, amma zai kwana a nan.

Yanzu uwar ta fito, ta ce min da Faransanci ba laifina ba ne. Na kasa ɗaga ido in kalle ta.