Kifin Yauri da Hadarin da Ya Rutsa da Mu a Tafki

Muna sallame sallar asuba muka nufi tashar Jega, ni da aminina. Yata, babbar ɗiyar Innarmu, da ke aure a Yelwa ta daɗe tana aiko mani in zo in ga ruwan da ya iso musu har ƙofa tun da aka datse kogin Kwara a Kainji. Ni tela ne, ruwan da na sani bai wuce gulbin garinmu ba, wanda jaki ke ratsawa da rani. Aminina kuwa ba ganin ruwa ya dame shi ba, labarin kifi ya ji.

Motar katako muka samu, muka zauna bisa buhunan gero. Gargada ta girgiza mu har Koko, inda muka karya da ƙosai da fura. Daga mararrabar Shanga giginya ta fara yawaita, iska ta riƙa kawo mana ƙarnin kifi tun ba mu ga ruwa ba. Da la'asar muka shiga Yelwa.

Kwana uku ba mu da aiki sai ci. Yata ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka wadda kifi ya fi kukar yawa, washegari farfesun ragon ruwa, maiƙo har gwiwar hannu. Da yamma mu gangara bakin jirgi, inda mata ke suyar ƙarfasa suna barbaɗa yaji da albasar Yauri mai zaƙi. Kifin da za a yi maka sule biyu a Jega, a nan sisi ne, har da gyara. Aminina ya ci har ya sassauta mazagin wando. Kullum za mu fita sai yata ta biyo mu zaure ta ce, "Auta, ku ci, ku kalla, amma daga tudu. Ruwan nan baƙo ne, ko masu shi ba su gama saninsa ba."

Rana ta huɗu mijin yata, wanda fataucin bandar kifi yake yi, zai je Wara a ƙasar Ngaski, daga nan ya ƙetare zuwa wata tungar masunta ya ɗauko kaya. Ya ce can ake gasa kifin giwan ruwa yana fitowa daga komar masunta. Aminina ya miƙe tsaye. Ni kuma kunya ta hana ni cewa tsoro nake ji.

A Wara na fahimci abin da na gani a Yelwa ba komai ba ne. Na duba, ban ga ɗaya gaɓar ba, ruwa ne kawai har ya haɗe da sama. Mai jirgin da zai ƙetare da mu wani tsohon Bagunge ne, wato ɗaya daga mutanen tsibiran da ruwa ya ci, aka gina musu sababbin gidaje a tudu. Mu huɗu muka shiga kwale-kwalen, shi a baya da filafili, mijin yata a gaba yana taya shi.

Ruwan kwance yake, amma itatuwa ne tsaye a cikinsa, matattu, ba ganye, belbelu na zaune a kansu. Can tsohon ya nuna ƙasa da haɓa ya ce, "Nan kasuwarmu ta. Gaba kaɗan makwantan iyayenmu." Ban san lokacin da na ɗaga ƙafafuna daga ƙasan jirgin ba. Daga nan har tunga ban sake leƙa ruwan ba.

Gaskiya a faɗe ta, ban taɓa cin abu mai daɗin giwan ruwan nan ba. An tsaga shi, an shafa masa man gyaɗa da gishiri da barkono, aka ɗora bisa garwashi, tsokarsa fara fat kamar auduga. Muna ci tsohon na duban gabas. Bazara ce, ni dai wani ɗan duhu na hango can ƙasan sama, bai kai tabarma ba. Ya ce, "Ko mu tashi yanzu, ko mu kwana." Mijin yata na son samun motar yamma, aminina na son ƙarasa kan kifi. Muka ce yanzu, amma yanzun namu ta ja, sai da aka loda kwandunan banda shida.

Mun yi rabin hanya iska ta taso. Ba ta yi sallama ba. Ruwan da ke kwance ya miƙe yana dukan jirgin, ya ɗaga mu ya sake mu, duhu ya rufe gaɓa gaba ɗaya. Sai ruwan sama ya kece. Ina cikin salati na ji ƙas, jirgin ya daki wani kututture da ke ɓoye, katako ya tsage daidai ƙafata, ruwa ya fara bulbulowa.

Tsohon ya daka tsawa, "Zuba kaya!" Mijin yata ya dubi kwandunansa sau ɗaya, ya fara jefa su. Aka cilla wa aminina ƙwarya yana kwarfa. Ni tsohon ya ce, "Malam, tuɓe riga ka cusa!" Rigar da na yi wata biyu ina yi wa aiki da hannuna, na cusa ta cikin tsagar na danne da tafuka biyu. Ruwan na tsarto ta tsakanin yatsuna. Na tuna ban iya iyo ba. Na tuna Inna, wadda na ce wa kwana biyar kawai zan yi.

Abin da ya fi tsorata ni, na ga tsohon ya juya kan jirgin ya bar wajen da nake zaton gaɓa take, ya nufi cikin matattun itatuwan nan. Na yi ihu, "Baba, ina za ka kai mu?" Ya ce, "Riƙe rigarka, ka riƙe bakinka." Yana tuƙi yana magana shi kaɗai, kuka ga ta, giginya biyu ga su, kamar mai bin lungun unguwarsu. Ashe haka ɗin ne. Hanyar garinsu yake bi, ta saman ruwa.

Muka iso gindin wata ƙatuwar tsamiya busassa. Ya jefa igiya ya ɗaure, sai kawai ya dira cikin ruwan. Na runtse ido. Da na buɗe, ga shi tsaye, ruwa iya ƙugunsa, ya rungume bakin jirgin. Tudun da ke bayan garinsu ne, ruwa bai gama haɗiye shi ba. Mijin yata ya dira ya kama ɗaya gefen. Nan muka zauna, haƙora na kaɗawa, rassa na karyewa a kanmu, har iskar ta gaji. Tsohon ya dafa tsamiyar ya ce, ba da mu yake ba, "Nan innata ke shanya albasa."

Mun iso Wara gab da magariba, mota ta tafi, muka kwana a zauren wani mahauci. Washegari da yata ta gan ni ba riga, ta gane. Ba ta yi faɗa ba, zama ta yi a ƙasa tana kuka, abin da ya fi faɗan ciwo.

Bayan kwana biyu muka dawo Jega lafiya, da tsarabar albasa da ɗan bandar da yata ta ƙulla wa Inna. Na koyi cewa in mai wuri ya ce a tashi, a tashi ko da loma a hannu. Na kuma koyi cewa inda muka je yawon buɗe ido gidan wasu ne. Mijin yata ya yi asarar kaya, ni na yi asarar riga, muna ta ba mutane labari. Tsohon nan garinsa duka ke ƙarƙashin ruwan, kuma gobe da safe zai sake bi ta kansa da fasinja.