Ranar da Kawu Ya Sha Tawadata

Shekarar da muka karɓi mulkin kai ina komi, wato magatakarda, a biron Gaya, ofishin gwamnati. Da kwamandan, baturen da ke mulkin garin, zai tafi ƙasarsu, ya bar mini teburinsa na rubutu, don ya fi ƙarfin motar da ta zo ɗaukar kayansa. Ƙarti huɗu suka ɗauko shi har gida. Ƙofar ɗakina ta ƙi shi, dole muka girke shi a zaure.

Tare da teburin aka haɗo mini gidan tawada: kwalabe biyu masu kauri a kan farantin tagulla, kowace da murfinta. Na cika su da tawadar biro mai ruwan shuni.

Ana nan sai Kawu, yayan Inna, ya zo daga Tounouga, inda yake kamun kifi. Ciwon baya ya hana shi tuƙa jirgi. Ya zagaya teburin sau biyu, ya ɗaga murfi ya shinshina.

"Da wannan bature yake rubutu?"

"Da ita, Kawu."

"Shi ya sa takardarsa ba ta faɗuwa ƙasa," in ji shi, yana gyaɗa kai.

Ban kawo komai a raina ba, na tafi aiki. Da azahar na dawo, tun daga bakin hanya na ji kukan Inna. Na tarar da Kawu zaune a kan tabarma, leɓensa da harshensa da farin gemunsa duk sun rine, sai ka ce an tsamo shi daga marina. Ga allo jiƙe a gefensa, ga ƙwarya. Ashe addu'a ya rubuta da tawadata, ya wanke ya shanye. Kwalba guda ya ƙarar, wai don abin ya kama sosai.

Inna na cewa, "Ka kashe mini ɗan'uwa da kayan nasara!"

"Ke, bar kuka," in ji Kawu. "Ɗaci kawai gare ta. Maganin ƙwarai ai da ɗaci."

Na goya shi a keke zuwa gidan likita. Duk wanda ya gaishe mu a hanya, Kawu ya amsa, sai mutumin ya ja da baya. Likitan ya leƙa bakinsa, ya fita waje ya yi dariyarsa ta ishe shi, sannan ya dawo ya ce a ba shi nono da ruwa mai yawa.

Kwana uku Kawu na kwance, ba abin da yake yi sai shan fura. Ran na huɗu ya miƙe, baya ya saki. Na ce masa hutu ne ya warkar da shi. Ya dube ni da tausayi.

"Kun yi karatun lakwal, amma ba ku san abin da ke hannunku ba."

Ranar kasuwa ta gaba, masunta biyar suka yi sallama a zaurena, kowa da 'yar kwalbarsa, ɗaya ma daga tsallaken kogi. Na yi bayani da Hausa, na yi da Dandanci, suka ce rowa ce. Babbansu ya ajiye mini kifi a kan teburin, ya ce in sake tunani, za su dawo wani mako.